Allon Kakana da Ƙwayoyin Sabulu

Makon jiya na shiga wani shago kusa da tashar Madawa, inda ake fotokopi, ake kuma rufe takardu da roba don kada ruwa ya ɓata su. Mutane takardar haihuwa suke kaiwa, ko ta gona. Ni takardar wasa na kai: layuka goma sha uku, gidaje a jere, babu hatimi, babu sa hannun kowa. Ina so in riƙa rubutu a kanta ina gogewa. Mai shagon ya juya ta gaba da baya, ya dubi furfurar da ta leƙo ta ƙarƙashin kallabina, ya ce, "Hajiya, wagga ai takardar caca ta." Na ce masa ya yi aikinsa, ba wa'azi na zo saye ba. Da injin ya yi zafi wani ɗan warin ƙuna ya tashi, sai na ji ni a tsakar gidanmu, ina da shekara goma sha ɗaya, kakata tana ɗora wuƙa mai zafi a kan itace.

Bari in gaya maka tun yanzu, mai karatu, don kada ka ce na ɓoye. Ina wasa da ƙwaya, irin ta lido ɗin nan mai ɗigo baƙi, kuma ba ni da niyyar dainawa. Ban taɓa sa ko dala a kai ba, ban taɓa cin ta kowa ba. An gaya mini maganar da mai shagon nan ya gaya mini tun kafin ya san hanyar makaranta, kuma wanda ya fara gaya mini ita ya fi shi gemu da iko.

Ƙauyenmu yana kan tudu, can wajen Allakaye, inda duwatsu suka fi ƙasa yawa a gona. Kakana, mahaifin babana, shi ne mai gida. In ruwan farko ya sauka, shi ke tona ƙasa da yatsa ya ga zurfin laima, sannan ya ce a shuka ko a dakata. Shi ke buɗe rumbu, shi ke rufewa. 'Ya'yansa masu gemu ba sa zama in yana tsaye. Ni kaɗai nake taka shi yadda nake so, don ni jika ce, kuma ka san wasan jika da kaka. Yana ce mini matarsa, ina ce masa tsohon mijina da ya kasa saya mini zane. In fizge masa hula in gudu, ya rantse zai sake ni kafin magariba. Babana ba ya nan, yana can bakin teku yana neman abin rufin asiri, sai kakana ya zame mini komai.

A wani lokacin girbi, ana ɗaure dammunan hatsi, ya sunkuya zai ɗaga ɗaya sai ya faɗi. Aka kai shi likita, aka dawo da shi bayan kwanaki. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta tafi gaba ɗaya. Idanunsa dai suna nan yadda suke, masu kaifi. Abin da ya fi ci mini rai ba ciwon ba ne, yadda gidan ya koma da shi ne. A juya shi lokacin da aka ga dama, a wanke shi, a ba shi fura lokacin da aka dama. Masu gaisuwa su zauna a gabansa su tambayi kakata, "Ya kwana lahiya? Ya ci abinci?" kamar ba ya wurin. Ba wanda ya ƙi shi, kowa tausayinsa yake ji. Amma daga safe har dare babu abu ɗaya da ake tambayarsa ya zaɓa.

Akwai wani ɗan akwati na kwali da ƙanen babana ya zo da shi daga Abijan, ya bar mini da zai koma. A ciki akwai ƙwayoyi biyar farare, da ɗan kofi na girgizawa, da ƙullin takardu masu layuka. Ni ina cikin 'yan matan ƙauyen ƙalilan da aka sa lakwal, wato makarantar boko, na iya lissafi, shi ya sa ya koya mini. Wasan ba shi da wuya. Ka girgiza ka zuba. Ka ware ƙwayoyin da suka yi maka, ka sake zuba sauran, har sau uku. Daga nan sai ka zaɓi layin da za a rubuta abin da ka samu: layin masu ɗigo biyar, ko na masu shida, ko na waɗanda suka zo a jere, da sauransu. Layin da aka cika ya ciku, ba a komawa. In layuka sun ƙare a tara, mai yawa ya ci. Masu cewa sa'a ce kawai ba su taɓa zama sun yi ba. Sa'a tana kawo ƙwaya, amma abin da za ka riƙe da abin da za ka yar, da inda za ka ajiye asararka in ta zo, wannan kai ne.

Wata rana da sanyi, bayan la'asar, an fito da kakana shan ranar yamma a kan tabarma, ina gefensa ina wasa ni kaɗai. Ƙarar ƙwaya a cikin kofi tana da daɗi, ƙwas-ƙwas-ƙwas, sannan shiru na ɗan lokaci kafin ka ɗaga. Sai na ga hannunsa na hagu yana rarrafowa kan tabarma. Na ce, "Tsoho, kai ma kana so a kashe ka?" Na sa masa kofin a hannu. Ya girgiza da ƙyar, ya zuba. Uku suka fito da ɗigo biyar. Na kai hannu zan kwashe duka, sai ya buge mini yatsu, ya ture ukun nan gefe guda. Ashe kwanaki yana kallona, ya gane wasan sarai. Da aka zo rubutawa na nuna masa layin da na ga ya fi, ya yi wani gurnani, ya danna yatsa a kan wani layin daban. Na rubuta inda ya nuna. Ranar ya sha kashi, amma da aka zo ɗaukarsa a mayar ɗaki ya ƙi sakin kofin.

Daga ranar, kowace la'asar tamu ce. Kuma ban taɓa bar masa ya ci ba. Kakata ta sha jawo ni gefe ta ce, "Ke, ki bar mishi ko sau guda mana, mutum ba lahiya." Na ƙi. Gidan nan kowa yana bar masa komai, kowa yana lallaɓa shi, ni ba zan shiga layinsu ba. In ya ci, da ƙarfinsa ya ci. Yakan yi zamba ma, ya ja hannun riga a kan ƙwaya ya juya ta. In kama shi in ce, "Ɓarawo, a gaban matarka!" Sai kafaɗarsa ta hagu ta riƙa rawa, dariyarsa ke nan.

Sai takarda ta fara ƙarewa. Kowane wasa yana cin shafi guda, kuma babu inda ake sayar da irinta daga Allakaye har Buza. Na koma rubutu da fensir ina gogewa, har takarda ta huje. Na gwada allon lakwal da alli, ya yi ƙanƙanta, kuma hannun rigar kakana yana share rabin lissafin, wani lokaci da gangan. Na yage shafi biyu daga littafin rubutuna, malaminmu ya ƙirga ya gane, na sha bulala. Da bazara ta shigo, zafi ya kai inda ko kaji sun daina yawo, saura shafi ɗaya tak. Kakana ya riƙe shi yana dubawa, ya dube ni. Na ji tsoro ƙwarai, don na san in wasan nan ya tsaya zai koma abin juyawa a kan tabarma.

Kakata ce ta fitar da mu. Sana'arta zanen ƙwarya, da wuƙaƙe ƙanana da take sawa a garwashi. Ranar kasuwa ta sa aka sayo mata allo wajen masassaƙi, ta ce sabo fil, wanda ba a taɓa rubuta sunan Allah a kai ba. Ta ajiye shafin ƙarshen nan a gabanta, ta hura wuta, ta riƙa ƙona layukan a jikin itacen ɗaya bayan ɗaya, hayaƙi siriri yana tashi yana shiga mana ido. Ba ta iya karatun boko ba, don haka a bakin kowane layi ta ƙona ɗige-ɗige irin na ƙwayar, sai ya fi takardar ma sauƙin ganewa. Na dafa tawada da baƙin tukunya da ƙaro, na fere alƙalami. In mun gama wasa in wanke allon a ƙoƙo, in jingina shi ya bushe, layukan suna nan, lissafin ya tafi. Na yi alfahari da allon nan fiye da duk abin da na taɓa mallaka.

To, a ƙasarmu in ka ga ana wanke allo a cikin ƙoƙo kusa da marar lafiya, ka san abin da za ka ɗauka. Gwaggona, ƙanwar babana da ke aure a Deule, ta zo duba mahaifinta. Ta tarar da shi ya yi haske, yana cin abinci, ta kuma tarar da ni durƙushe ina wanke allo. Ba ta tambayi komai ba. Ta karɓe ƙoƙon daga hannuna, ta yi bisimilla, ta kai bakin kakana. Ya datse leɓe, kafaɗarsa ta fara rawa. Ta ce, "Baba, rubutu na, ka sha, babu ɗaci," ta kurɓa don ta nuna masa. Kakata ta juya mana baya ta kama tankaɗe da babu gari a ciki. Ni kuwa, maimakon in faɗi gaskiya, da gwaggo ta ce ko da saura ta tafi da shi don ciwon gwiwarta, sai na cika mata kwalba. Wannan laifina ne, ban taɓa musu ba. Bayan mako biyu ta aiko cewa gwiwa ta yi sauƙi, a ƙaro.

Saƙon a hannun baba babba ya faɗo, yayan babana, wanda riƙon gidan ya koma hannunsa. Mutum ne mai tsoron Allah, ba ya wasa, kuma yana son mahaifinsa, wannan ba zan hana shi ba. Ya shigo ya ce wa kakata, "Inna, wane malami yay yi rubutun ga ban sani ba?" Ya ɗauko allon da ke jingine, ya ga lambobin boko da ɗige-ɗige, ya ga ƙwayoyi a kofi. Fuskarsa ta sauya. Ya ce tsoho yana bakin kushewa, carbi ya kamata a gani a hannunsa, ba kayan 'yan caca ba. Ya ce an mai da allo abin wasa, an shayar da ƙanwarsa wankin shirme. A nan yana da gaskiya, na sunkuyar da kai. Amma da ya juye ƙwayoyin a aljihunsa ya fita, bai dubi mahaifinsa ba, bai tambaye shi ba. Shi ma ya yanke masa hukunci a kansa, kamar kowa.

Kakana ya juya fuska ga bango. Aka kawo fura ya datse baki. Washegari haka. Ruwa kawai yake karɓa, shi ma daga hannun kakata. Baba babba ya ce zafin bazara ne, zai wuce. Ni na san ba zafi ba ne. A rana ta uku na ga ƙasusuwan kuncinsa sun fito, sai fushi ya kama ni. Na ɗauki sandar sabulun wanki na innata, sabo, na yanka shi gida biyar da wuƙar kakata, na daidaita kusurwoyin, na huda ɗige-ɗige da tsinke na cika da tawada. Ba su yi kyau ba. Ɗaya ma ta fi son faɗuwa a kan huɗu.

Ban kai su ɗaki a ɓoye ba. Na jira la'asar, lokacin da ake fito da kakana zaure don masu gaisuwa, baba babba yana zaune da dattawan unguwa uku. Na shiga da allo a hammata, da tawada, da kofi. Na zauna a gaban tabarmar na ce da ƙarfi, "Tsoho, tashi, matarka ta zo ta kashe ka."

Baba babba ya ce, "Ke, ɗauke tarkacen ga ki hita."

Na ce, "Ba da kai nika wasa ba, Baba. Da mijina nika yi."

Ɗaya daga cikin dattawan ya yi tari ya dubi rufin zaure. Ba wanda ke shiga tsakanin jika da kaka, kowa ya san wannan. Baba babba ya miƙe, ya sunkuyo ya kama allon ta sama. Sai kakana ya juyo. Hannun hagun nan ya sauka a kan allon ya danne. Baba babba ya ja kaɗan, hannun bai saki ba. Mutum da ya kwana uku bai ci ba, yaro ma zai iya fizgewa. Amma uba ne yake kallon ɗansa a ido, a gaban mutane, kuma ɗan bai taɓa karɓe abu daga hannun nan ba tunda aka haife shi. Baba babba ya saki, ya gyara rigarsa, ya fita. Kakana ya girgiza sabulun nan ya zuba, ya ware biyu, ya nuna mini layi. Da muka kai rabin allo ya dubi ƙwaryar furar da ke rufe a gefe, ya yi mata nuni da haɓa.

Ba a dawo mana da ƙwayoyinmu ba, ba mu kuma roƙa ba. Da sabulu muka yi damina, in laima ta sa sun yi danƙo in yanka sababbi, innata tana faɗa tana ɓoye sabulunta a cikin tukunya. Baba babba bai sake magana ba, amma kullum in la'asar ta yi sai ya bar gidan, ya tafi gona ko masallaci, ba ya dawowa sai an mayar da tsoho ɗaki. Wajen ƙarshen damina kakana ya fara karɓar alƙalamin daga hannuna. Ya yi karatun allo da ƙuruciya, ya san lambobin Larabci. Da hagu yake rubutawa, a karkace, tawada tana ɗiga, lamba ɗaya tana cin gida biyu. Wata guda cur shi yake rubuta nasa da kansa.

Ya rasu da hatsi ya fara nuna. Wasanmu na ƙarshe yana kan allon, ban wanke ba, don a daren ranar jikinsa ya rikice, ba wanda ya sake tunawa da allo. Bayan sadakar bakwai, ina bayan ɗaki, na ji muryar baba babba yana tambayar kakata, "Inna, ina allon nan?" Na ce a raina zai fito da shi ya nuna wa mutane abin da tsoho ya ƙare a kai, ko ya faskara shi a sa a wuta. Na rantse ba zai samu abin nunawa ba. Na ɗauko allon na zuba masa ruwa, na goge da tafin hannu har sai da ya fita tas. Sannan na fito da shi yana ɗiga, na miƙa masa, ina kallonsa ido cikin ido.

Ya karɓa da hannu biyu. Ya duba gaba, ya juya baya, ya sake juyowa. Ya ce a hankali, "Inna ta ce da hannunai yaka rubutawa." Ya shafa layukan da babban yatsa, ko zai ga saura. Babu saura, na iya wanki. Sai a lokacin na gane bai taɓa ganin rubutun ba, kuma a duk gidan babu wata takarda da ke ɗauke da hannun mahaifinsa.

Sannan ya ce, "Wa yac ci, na ƙarshen?"

Na ce, "Shi yac ci."

"Ko dai kin bar mishi?"

"Ban taɓa bar mishi ba, Baba. Ko sau guda."

Ya gyaɗa kai. Ya sa hannu a aljihu ya fito da ƙwayoyin nan biyar farare, ya jera su a kan jiƙaƙƙen allon, ya miƙo mini. Ashe duk watannin nan suna jikinsa.

Yau 'ya'yana a waya suke lido, waya ce ke zuba musu ƙwaya, ita ke lissafi, babu ƙara a kofi, babu wanda zai ja hannun riga ya yi zamba a kama shi. Duk da haka ranar Juma'a da la'asar nakan tara su, da maƙwabciyata da ta kamu da wasan, mu zuba ƙwayoyin nan biyar, waɗanda yanzu sun koma ruwan ƙasa. Masu magana suna yi, wai mace da furfura. Su yi ta yi. Wasan da ya mayar wa kakana da ikon nuna layi da yatsa, ba zan nemi gafarar kowa a kansa ba. Wankin nan guda ɗaya ne yake damuna har gobe. Shi ya sa sabuwar takardata mai roba, ko da yake tsumma ɗaya ke share ta, ba na bari a goge sai kowa a gidan ya zo ya gani, har wanda ya ƙi zama a yi da shi.